Gurasa da Mulki a Masar: Daga Zamanin Fir'auna Zuwa Dandalin Tahrir

A daren Juma'a 28 ga Janairu, 2011, ana tsakiyar zanga-zanga, 'yan sanda suka janye daga titunan Alƙahira, intanet a katse, wayoyin salula a toshe. Birni mai miliyoyin mutane ya kwana kamar babu hukuma, amma gari bai watse ba. Samarin kowace unguwa suka tare bakin layinsu da sanduna suna duba katin shaidar mai shigowa, kamar dai 'yan sintiri. Wasu suka riƙe hannuwan juna suka kewaye gidan tarihin da ke gefen dandalin Tahrir don kada ɓarayi su yashe shi. A kwanakin da suka biyo baya, likitoci suka mai da wani ƙaramin masallaci asibiti, Kiristoci suka riƙa yi wa Musulmi garkuwa lokacin salla. Gari na wayewa kuma, iyaye mata da dattawa suka ci gaba da jera layi a gidajen gasa gurasa, domin juyin juya hali bai ɗauke wa kowa cefane ba.

A wannan layin gurasa ne asirin siyasar Masar yake. Taken masu zanga-zangar ya ƙunshi abubuwa uku: gurasa, 'yanci, da adalci a zaman jama'a, kuma gurasar ce aka fara ambata. Yawancin Larabawa "khubz" suke ce wa gurasa, amma Bamisire "aish" yake cewa, kalmar da asalin ma'anarta ita ce rayuwa. Tun fil azal akwai wata yarjejeniya da ba a rubuta ba tsakanin mai mulkin Masar da talakansa: kai ka riƙe rumbu ka ciyar da mu, mu kuma mu bi ka. Duk sa'ad da rumbu ya gaza, biyayya ma sai ta fara tangal-tangal.

Tsohuwar shaida tana wani ƙauye da yau ake kira Dairul Madina, a yammacin Luksor, inda maginan kaburburan fir'aunoni suke zaune da iyalansu. Ba kuɗi ake biyansu ba, hatsi ne, alkama da sha'ir, wata-wata. A shekara ta 29 ta mulkin Ramsis na Uku, sama da shekaru 3,100 da suka wuce, albashin ya makara. Ma'aikatan suka ajiye kayan aiki, suka fita suka zauna dirshan a harabar wuraren bautar sarakunan da suka shuɗe, suka ce yunwa da ƙishirwa ne suka kawo su, babu tufafi, babu mai, babu kifi. Wani marubuci mai suna Amennakht ya rubuta labarin, takardar tana nan a birnin Turin na Italiya, kuma ita ce ake ɗauka a matsayin yajin aiki mafi daɗewa da aka samu a rubuce. Tun kafin wannan da kusan shekaru 1,000, lokacin da mulkin tsakiya ya rushe, wani hakimi mai suna Ankhtifi ya sa an rubuta a kabarinsa cewa shi ne ya ciyar da garuruwa a lokacin yunwa. Da hatsi ya nemi halascin mulkinsa. Mai karatu kuma ya san ƙissar Annabi Yusuf (AS), wanda aka ɗora a kan taskokin ƙasar don tanadin shekaru bakwai na fari.

Zamani ya sauya, amma lissafin yana nan. A ranakun 18 da 19 ga Janairu, 1977, bayan gwamnatin Anwar Sadat ta rage tallafin kayan masarufi, jama'a suka fito daga Iskandariya har Aswan, aka kashe mutane da dama, gwamnati ta janye matakin nan take. A ranar 6 ga Afrilu, 2008, rikici ya ɓarke a garin masaƙu na Mahalla kan albashi da tsadar abinci, kuma daga wannan rana wata ƙungiyar matasa da ta yi fice a 2011 ta samo sunanta.

Wani zai ce wannan ƙasƙantar da juyin ne, domin abin da ya fusata matasa shi ne zaluncin 'yan sanda, irin kisan Khalid Sa'id a Iskandariya a 2010, da shekaru kusan 30 na mulkin Husni Mubarak. Gaskiya ne, ba yunwa ce ta buɗe shafukan Facebook ba. Sai dai 'yan boko kaɗai sun sha yin gangami a baya ana tarwatsa su. Mubarak ya sauka ne ranar 11 ga Fabrairu, 2011, bayan yajin aiki ya bazu a masaƙu da kamfanonin sufuri da sauran ma'aikatu. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Wani kuma zai ce ina haɗin Bamisiren yau, mai Larabci da salla, da mutanen Fir'auna? Haɗin ba na jini ko addini ba ne, na ƙasa ne. Kusan kashi 95 cikin ɗari na jama'ar suna zaune ne a gaɓar kogin Nilu, sauran ƙasar hamada ce. A da, ambaliyar kogin ce ke yanke hukuncin ƙoshi ko yunwa. Bayan kammala madatsar Aswan a 1970 ambaliyar ta tsaya, yanzu jiragen ruwan alkama daga Rasha da Yukren ne suka gaji matsayinta. Ko ta wace hanya, mai mulki ne ke riƙe da mabuɗin rumbu.

Shi ya sa tun ƙarshen shekarun 1980 aka bar gurasar tallafi a kan kwabo biyar na kuɗin Masar. Mubarak ya tafi, Muhammad Mursi ya zo ya tafi, babu wanda ya taɓa wannan farashi, sai a watan Yunin 2024 aka mai da ita kwabo 20.