Kuɗin Hanya da Jarin 'Yan Kasuwa a Iyakar Jibiya

Gangara, wadda take cikin ƙaramar hukumar Jibiya, tana yankin da hanyar Katsina zuwa Maraɗi ta ratsa kafin ta tsallaka iyaka daga Magama zuwa Ɗan Isa, kuma biyan kuɗin wucewa a irin wannan hanya ya girmi kwalta da mota. A zamanin fatauci, madugu, wato jagoran ayari, shi yake daidaitawa da masu ƙasa kan abin da za a biya a zango, su kuma su lamunce wa fatake ruwa da masauki da kariya. Kariyar ce ta fi tsada a nan, domin tun da sarakunan Haɓe na Katsina suka kafu a Maraɗi bayan jihadi, dajin da ke tsakanin garuruwan biyu ya zama fagen hare-hare har zuwan Turawa. Turawan Ingila sun ɗora nasu harajin a kan ayari, suka soke shi a 1907, sannan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta juya akalar fatauci kudu, gyaɗa ta zama babban kayan da ke bin hanyar.

Daga nan gina hanya ya koma wuyan hukuma ita kaɗai, har gwamnatin Obasanjo ta soke shingayen karɓar kuɗi na hanyoyin tarayya a ƙarshen 2003. A 2005 aka yi dokar da ta halatta haɗin gwiwa da 'yan kasuwa, tsarin da kamfani zai zuba jarinsa ya gina hanya ko ya gyara ta, ya riƙa karɓar kuɗi daga masu motoci na wasu shekaru da aka ƙayyade, sannan ya mayar wa gwamnati. Gwajin farko bai yi armashi ba, domin yarjejeniyar hanyar Legas zuwa Ibadan ta 2009 an soke ta a 2012, ta Lekki kuma, wadda aka ƙulla a 2006 kan shekara 30, gwamnatin Legas ta saye ta tun wa'adin bai yi nisa ba. Duk da haka, a 2021 ma'aikatar ayyuka ta tarayya ta sanya hanyar Kano zuwa Katsina cikin waɗanda take neman miƙa wa 'yan kasuwa.

Abin da ke hana wannan tsari isowa Jibiya bai tsaya ga ƙarancin jari ba, domin mai zuba jari a hanya yana lissafi ne da yawan motocin da za su bi ta shekara da shekaru, alhali a nan umarni guda daga Abuja yana iya tsayar da su gaba ɗaya. An rufe iyaka a Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023 har zuwa Maris na 2024, ga kuma 'yan bindiga da suka addabi ƙauyukan yankin. Kamfani yana iya shimfiɗa kwalta, amma ba shi da ikon lamunce tsaro ko buɗaɗɗiyar iyaka, waɗanda su ne ainihin abin da fatake suke biyan kuɗi dominsa, kuma zalunci ne a karɓi kuɗin direban da ke dakon hatsi da dabbobi ba a ba shi su ba. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi ma, wanda aka ƙaddamar a 2021 kuma zai bi ta Jibiya, bai bi wannan tsari ba, kwangila ce da gwamnatin tarayya ta bai wa kamfanin Mota-Engil.