Daga ina layin haɗi da rumbun bayanai ya samo asali?

Duk wanda ya taɓa haɗa manhajar kwamfuta da SQL Server ya san irin wannan layin:

Server=192.168.1.10,1433;Database=Shago;User Id=ali;Password=;

Gajere ne, amma tarihinsa ya haura shekara 30.

Kafin 1992 kowane kamfani da tasa hanyar. Manhajar da ka rubuta don Oracle ba za ta yi magana da Sybase ba, sai ka sake zama ka sauya lambobin. Wahala kenan. A 1989 wasu kamfanoni suka kafa SQL Access Group don a samu yare ɗaya, Microsoft ya ɗora a kan aikinsu ya fitar da ODBC a 1992. Dabarar ita ce a sa direba a tsakiya: manhaja ta faɗa masa adireshin saba da sunan rumbu, shi kuma ya san yadda zai ƙarasa.

A farko mutane sun fi dogaro da DSN, wato suna ne da ake ajiye bayanan haɗin a ƙarƙashinsa, cikin fayil ɗin ODBC.INI, daga baya cikin rajistar Windows. Matsalar ita ce in ofis na da kwamfuta 20, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana saitawa. Shi ya sa aka koma zuba komai a layi guda cikin manhajar. OLE DB da ADO suka zo a 1996 da kalmar Provider=, Java ta kawo JDBC a 1997 mai kama da adireshin intanet, sai ADO.NET a 2002.

To a nan fa gizo ke saƙa. Sauƙin nan ya sa kalmar sirri ta koma zama a fili. Da yawa ma asusun sa, mai cikakken iko, suke amfani da shi ba tare da kalmar sirri ba sam. A watan Mayun 2002 tsutsar Spida ta bi ƙofa 1433 tana farautar irin waɗannan sabobi. Da .NET 2.0 ya fito a 2005 an ware wa layin wurinsa a app.config, har ana iya ɓoye shi, amma har yau za ka buɗe manhajar wani kanti ka tarar da sa kwance a ciki. A ganina wannan ganganci ne, don duk wanda ya kwafi fayil ɗin ya samu makullin lissafin kantin gaba ɗaya.

Wani canji kuma shi ne ODBC Driver 18 na 2022, inda Encrypt ya koma a kunne tun asali. Shi ya sa tsohon layin da ke aiki lafiya yake fara kukan satifiket da zarar ka sabunta direba. Mutane kan liƙa TrustServerCertificate=yes su wuce. Zai yi aiki, amma ka hana manhajar tantance ko sabar gaskiya take magana da ita. A kwamfutar gwaji ba laifi. Inda kuɗin mutane suke kuwa, a sa wa sabar satifiket na ƙwarai.