Turke a Tsakar Gida: Tsohon Ginin Ungogo na Mutum da Dabbarsa

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Ungogo, irin su Fanisau, Rangaza, Karo ko Kadawa, ya san yadda gidan kakanninmu yake da asuba: hayaƙin kara, kukan zakara, da warin turken awaki. Muna yara mun ɗauka rashi ne ya sa mutum yake kwana katanga ɗaya da jakinsa. Sai da muka girma muka gane cewa tsari ne, kuma da shi ƙasar nan ta ciyar da ɗimbin jama'a shekara da shekaru.

Mu fara da kayan ginin. Ƙasarmu ba ta duwatsu ba ce, don haka dutse bai samu shiga ba sai a muhimman wurare: marmara a harsashi, duwatsun da ake ɗora rumbu a kansu don gudun gara da danshi, sai kuma duwatsu ukun murhu. Sauran aikin na jar ƙasa ne. A kwaɓa ta da ciyawa, a tattake, a bar ta ta kwana, a mulmula tubali a shanya. Magini yakan yi gindin katanga da kauri, tana hawa tana sirancewa. Mai hali ya yi soro, ya rufe da azarar giginya wadda gara ba ta cika ci ba, ya sa indararo, ya shafe da makuba ta ɓawon ɗorawa don ruwa ya zame. Mai ƙaramin ƙarfi ya yi ɗakin laka da jinka, ya kewaye gida da dangar kara. Har kashin jaki da na doki akan zuba a kwaɓin yaɓe, wato dabba tana cikin katangar kanta.

Shi kuwa fasalin gidan, daga zaure ake karanta shi. Nan maigida yake karɓar baƙi, nan ne iyakar baƙon namiji. Bayansa akwai filin ƙofar gida, inda ɗakin samari yake, inda kuma ake kafa turken jaki, ko bargar doki in gidan masu sarauta ne. Daga nan sai shigifa, sannan cikin gida. A can ne awaki da tumaki suke, domin galibinsu na mata ne, kuma mai abu ita ke son ganin abinta. Akan yi musu 'yar rumfa a kusurwar da ruwa yake gangarawa waje, nesa da rijiya da madafa. Ga akurkin kaji a gefe, ga komin dusa, ga harawa an jibge a kan rumfa ko a reshen bishiya inda baki ba ya kaiwa.

Me ya kawo dabba har tsakar gida? Dalili na farko tsaro ne. A zamanin Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, Fanisau ribaɗi ce mai ganuwa, ana tare hare-haren Ɗantunku daga arewa. A can Baturen nan Hugh Clapperton ya je ya gana da sarkin a 1824. A irin wannan zamani ba a barin dukiya a waje, balle ga kura da ɓarawo.

Dalili na biyu ya fi zurfi, shi ne taki. Kewayen birnin Kano ya daɗe da cika da mutane, gona tana jingine da gona, babu dajin kiwo sai burtali, babu kuma filin da za a bari ya huta. Saboda haka da ruwa ya sauka aka yi shuka, sai a ɗaure dabbobi a gida, yara su yiwo ciyawa. Da kaka a tara harawar wake da ta gyaɗa da karmami. Duk abin da dabba ta ci daga gona, a turke take mayar da shi. A haɗa da tokar murhu da sharar tsakar gida, a tara. Kafin damina a loda wa jaki a mangala, a kai gona a zuba tsibi-tsibi. Jakunan da suka kai itace birni ma ba sa dawowa haka nan, da takin jujin birni suke komowa. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 noman gyaɗa ya bunƙasa, harawa ta ƙaru, turke ya ƙara daraja.

Wannan tsari ne ya ja hankalin masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda shi da abokin aikinsa suka wallafa bincikensu kan gundumar Ungogo a 1965. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba ta mutu ba. Rabin amsar tana bayan ɗakin kakarmu.

Ba mu kaɗai muka yi wannan dabara ba. A yankin Dartmoor na Ingila akwai tsofaffin dogayen gidajen dutse da aka gina a gangare, mutane a sama, shanu a ƙasa, rufi ɗaya, da magudana a tsakiyar ɓangaren shanun. Su sanyi ne ya sa suka haɗa rufi. Mu da zafi ya dama, sai muka raba rufi muka haɗa katanga.

Yau birni ya cinye Rijiyar Zaki da Bachirawa, yana kuma ƙara matsowa. Ƙidayar 2006 ta ba Ungogo mutum sama da 360,000. Gonaki sun zama fulotai, bulo da kwano sun maye gurbin tubali da azara, inda turke yake an ta da ɗakin haya. Ba mu ce a koma jiya ba. Kwana kusa da dabba yana da nasa ƙuda da cuta, ginin ƙasa kuma yana son yaɓe duk shekara. Amma manomin da ya rushe turkensa, yanzu buhun takin zamani yake nema da tsada, ƙasar kuma tana ƙara gajiya.

A al'adance akan yi hawan Fanisau da Babbar Sallah. In mun je kallon dawakai, mu ɗan leƙa tsofaffin gidajen da suka rage, mu ɗauki hotonsu, mu tambayi dattawa sunan kowane lungu da dalilinsa. Mai shirin sabon gini a ƙauye kuma, ya bar wa akuya kusurwarta.