Asibitin Scutari, Inda Ƙazanta Ta Fi Harsashi Kisa

Ranar 4 ga Nuwamba 1854 Florence Nightingale, ma'aikaciyar jinya 'yar Ingila, ta sauka a Scutari, unguwar da Turkawa ke kira Uskudar a tsallaken ruwan Istanbul, tare da mata masu jinya 38. Washegari aka gwabza a Inkerman, can yankin Kirimiya, inda Ingila da Faransa suka mara wa Daular Usmaniyya baya a yaƙinta da Rasha. Ba ta gama kwance kaya ba jiragen ruwa suka fara sauke masu rauni.

Ginin da aka kai ta barikin soja ne mai suna Selimiye, wanda Turkawa suka ara wa Ingila, aka mai da shi asibiti cikin gaggawa. Daga tashar Balaklava ake loda majinyata, a ƙetara Bahar Aswad da su, tafiyar kwanaki. Wanda ya iso da sauran numfashi sai a shimfiɗe shi a doguwar baranda bisa katifar ciyawa, kafaɗa na gogar kafaɗa. Rigar da aka harbe shi da ita, ita ce a jikinsa, ga busasshen jini, ga ƙwarƙwata. Ɓeraye na sha'aninsu. A ƙarƙashin ginin kuwa magudanan bahaya sun toshe, iska na kwaso warin tana mayarwa ɗakunan kwana.

Likitocin soja ba su yi murna da zuwan mata ba, sai da aiki ya fi ƙarfinsu suka sakar musu hanya. Da kuɗin da masu karanta jaridar The Times suka tara, Nightingale ta sayi sabulu da buroshi da riguna, ta kama hayar gida ta mai da shi wurin wanki, ta ɗauki matan sojoji aikin. Da dare takan zaga da fitila a hannu, kuma wannan hoton ne duniya ta riƙe.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne mutuwar ba ta lafa ba. A sanyin farko kaɗai sojoji 4,077 suka rasu a Scutari. Atini da kwalara da taifod da zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa sun kashe ninkin ba ninkin waɗanda raunin fagen fama ya kashe. Mutum ya tsira daga igwar Rasha, ya zo ya sha ruwan asibiti ya tafi.

Sai a watan Maris 1855 gwamnatin Ingila ta turo kwamitin tsafta, cikinsa da likita John Sutherland da injiniya Robert Rawlinson. Aikinsu ba na a yi wa waƙa ba ne: suka yashe magudanai, suka buɗe kafofin iska, aka shafe bango da farar ƙasa. A hanyar ruwan da ake sha suka tsinci mushen doki. Daga kusan mutum 42 cikin 100 da ke mutuwa a Fabrairu, zuwa Yuni adadin ya faɗo kusan 2 cikin 100. Gaskiya sanyi ya wuce a lokacin, cunkoso ma ya ragu, to amma yasar magudanan nan ta taka rawa babba.

Ita kanta Nightingale ba ta tsaya shan yabo ba. Da ta koma gida ta zauna da masanin ƙididdiga William Farr, suka baje alƙaluman mace-mace, ta ga yadda ginin da ta yi wa hidima ya ci mutane. A zamanin ba a tabbatar da batun ƙwayoyin cuta ba, gurɓatacciyar iska ta ɗora wa laifi. Dalilin bai cika daidai ba, maganin kuwa ya yi aiki. A 1859 ta fitar da littafinta kan tsarin asibitoci, tana neman dogayen ɗakuna masu tagogi hagu da dama da tazara tsakanin gadaje, a 1860 kuma ta buɗe makarantar koyon jinya a asibitin St Thomas na Landan.

Barikin Selimiye na nan har yau a hannun sojojin Turkiyya, kuma a ɗaya daga cikin hasumiyoyinsa akwai ɗan gidan tarihi mai sunanta.