Giya da barasa a tarihin Adar: abin da ya hana tukunyar tata kafuwa a yankin Tama

0. Gabatarwa

A wasu ƙasashen Turawa, tatar barasa a gida abin sha'awa ne da mutum kan koya don nishaɗi, kamar kiwon tantabara a wurinmu. Ƙasar Niw Zilan ma ta halatta ta tun 1996. A gaɓar tekun Afirka ta Yamma kuwa, hanyar neman abinci ce. Amma a yankin Tama, cikin gundumar Buza, da maƙwabtanta Madawa da Keita a jihar Tawa, ba ta zama abin nishaɗi ba, ba ta kuma zama sana'ar da aka san yankin da ita ba. Amsar da aka saba bayarwa ita ce Musulunci ne ya hana. Wannan amsa gaskiya ce, sai dai ba ta cika ba, domin giya ta daɗe tana zaune kusa da Musulunci a ƙasar Hausa. A wannan takarda za mu yi ƙoƙarin nuna cewa abubuwa uku ne suka haɗu: matsayin giya a rayuwar Azna, dokokin Turawan mulkin mallaka, da kuma yanayin ƙasar kanta.

1. Bambancin giya da barasa

Kafin mu shiga tarihi, wajibi ne mu raba kalmomi biyu da ake yawan cakuɗawa. Giya, ko burkutu, daga tsiron dawa ko gero ake dafa ta, a bar ta ta tsimu (fermentation). Ƙarfinta kaɗan ne, tana da kauri, kuma ba ta jure ajiya: bayan ƴan kwanaki sai ta yi tsami. Barasa kuwa sai an ƙara wani mataki, wato tata ta hanyar tururi (distillation). Sinadarin da ke bugarwa yana tafasa a wajen digiri 78, ruwa kuwa sai a digiri 100, saboda haka idan aka kama tururin farko aka sanyaya shi, ana samun abin sha mai ƙarfin kashi 40 cikin 100 ko fiye, wanda zai yi shekaru a kwalba.

Ita wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga duniyar Musulmi. A ƙarni na 9, al-Kindi ya yi rubutu a Bagadaza kan tatar turare. Kalmar Faransanci alambic daga Larabci al-anbiƙ ta fito, haka ma alcool daga al-kuhul, wato kwalli. Bambancin da ya fi muhimmanci ga masanin tarihi shi ne wannan: giya abin sha ne na taro, a dafa a shanye nan take, barasa kuwa haja ce, ana ajiye ta, ana safararta, hukuma na iya ɗora mata haraji.

2. Giya a rayuwar Azna

Ayyukan Djibo Hamani da na Nicole Échard, waɗanda duka suka fito a jerin Études nigériennes a 1975, sun nuna mana Adar a matsayin ƙasa mai hawa biyu: manoma Azna masu riƙe da al'adun ƙasa a gefe guda, da masu sarauta a ɗaya gefen, musamman tun da Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ci ƙasar a ƙarshen ƙarni na 17. A wurin Hausawan da ba su musulunta ba, giyar dawa sananniya ce. Joseph Greenberg, a littafinsa na 1946 kan Maguzawan Kano, ya nuna cewa shan giya na cikin alamomin da ke raba Bamaguje da maƙwabcinsa Musulmi. Ana shan ta ne a lokutan da aka sani: bukukuwa, gayya, da hidimomin gargajiya.

Musulunci mai neman gyara ya taɓa yankin tun da wuri. Malam Jibrila ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya zauna a Adar. Jihadin ya fara a 1804, Alƙalawa ta faɗi a 1808, kuma a Kitabul Farƙi Shehu ya zargi sarakunan Hausa da ci da sha ba tare da kula da halal da haram ba. Duk da haka al'adun Azna da bori sun ci gaba har cikin ƙarni na 20, kamar yadda littafin Échard na 1989 kan borin Adar da Kurfai ya tabbatar. Abin lura shi ne, mai dafa giya don taron gobe ba shi da buƙatar abin da zai jure ajiya, Musulmi kuwa ba shi da buƙatar ko ɗaya. Ta kowane gefe aka duba, babu mai neman tukunyar tata.

3. Dokokin Turawa

Kafin Faransawa su kafu a Adar a farkon ƙarni na 20, an riga an yanke hukunci kan barasa a Turai. Yarjejeniyar Buruksel ta 2 ga Yuli 1890 ta keɓe wani yanki na Afirka, daga layi na 20 arewa da ikwaita zuwa layi na 22 kudu da shi. A cikinsa, duk inda mutane ba su saba da barasa ba, saboda addini ko wani dalili, an hana shigo da ita da kuma tatarta. Tama tana wajen layi na 14, wato tsakiyar wannan yanki. A kudu da iyaka ma, Lugga ya riƙe Arewacin Najeriya a matsayin ƙasar hani tun 1900. Sannan yarjejeniyar Saint-Germain-en-Laye ta 10 ga Satumba 1919 ta ƙara ɗaure igiyar: ta hana tatar barasa, ta kuma hana shigo da tukwanen tata ko mallakarsu.

A nan akwai abin mamaki. A daidai wannan lokaci, manomin Faransa mai gonar inabi ko tufa yana da damar tace amfanin gonarsa, har a yafe masa harajin lita 10 na tsantsar sinadarin. Su ake kira bouilleurs de cru, kuma sai a 1960 aka hana ƴaƴa gadon wannan dama. Abin da ya halatta ga manomin Normandi ya haramta ga manomin Majiya. Saboda haka bai kamata mu karanta waɗannan dokoki a matsayin tausayi kawai ba. A gaɓar teku, harajin barasar da ake shigowa da ita daga Turai yana cikin manyan hanyoyin samun kuɗin gwamnatocin mulkin mallaka, kuma tatar gida barazana ce gare shi.

4. Me ya sa doka ta karye a kudu, ta tsaya a Adar?

Doka ɗaya ce ta hau kan kudu da arewa, amma sakamakon ya bambanta. A Dahome, ana danganta sodabi da wani tsohon soja mai wannan suna da ya dawo daga Yaƙin Duniya na Farko. A kudancin Najeriya da Gana ta yau, ogogoro da akpeteshie sun bazu a farkon shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin duniya ya karye, barasar Turai ta fi ƙarfin talaka. Emmanuel Akyeampong ya bi diddigin wannan a littafinsa na 1996. Gana ta halatta akpeteshie a 1962. Mutanen Adar kuwa sun shahara da ci-rani zuwa waɗannan ƙasashe, don haka ba rashin gani ba ne ya hana su.

A kudu akwai abubuwa uku da Adar ba ta da su. Na farko, kasuwa: mutanen gaɓa sun saba da barasar Turai tun zamanin cinikin bayi, tatar gida gurbi kawai ta cike. Na biyu, abin tacewa: bammi yana zuba daga itace, ba ya taɓa rumbu. A Adar kuwa sai dai a tace hatsi, a ƙasar da ta sha yunwar 1913 zuwa 1914, da farin 1973 da na 1984. Maigidan da ke ƙirga damman gero kafin damina ba zai ƙona su don kwalba ba. Na uku, itacen wuta da ruwan sanyaya tururi. Zaizayar ƙasa da ƙarancin itatuwa a yankin ne suka sa aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya a 1975, aka kuma buɗe aikin raya karkara na Keita a 1984.

5. Kammalawa

Mun ga cewa dabara ba ta kafuwa don kawai an san ta. Sai ta sami mai saye, abin sarrafawa, da gurbi a al'ada. A yankin Tama, addini ya rage masu sha, doka ta toshe hanya, ƙasa kuma ta hana kayan aiki. Wannan rashi ya kare yankin daga wata masifa: a 2015, mutane da yawa sun mutu a jihohin Ondo da Ribas na Najeriya bayan shan ogogoro mai gubar metanol.

Akwai darasi ga ɗalibanmu masu fita bincike. Idan takardar tambayoyi ta fassara alcool da kalma ɗaya, za ta haɗe tarihi biyu da ba su da alaƙa. Haka kuma, dattijon da ya musulunta ba ya son a tona abin da kakanninsa suka sha. Wanda ya tambaye shi kai tsaye zai dawo hannu rabbana. Wanda ya fara da zancen gayya, da rumbu, da bukukuwan kaka, shi zai ji labarin. Waɗannan dattawa kuwa raguwa suke yi kowace shekara, kuma abin da ba a rubuta daga bakinsu ba, ba za a same shi a kundin kwamandan Madawa ba.