Dokar Dawaki da Wakilan Masu Biyan Haraji a Amurka

Idan hukumar harajin Amurka, IRS, ta kira mutum domin binciken takardunsa, ba dole ne ya je da kansa ba. Yana iya sa hannu a takardar wakilci mai lamba 2848, wani ya tsaya masa. Rukuni uku ne ke da cikakken izinin yin haka: lauyoyi, da akantoci masu lasisi, da ƙwararrun da hukumar ta yi wa rajista da kanta. Asalin wannan rukuni na uku kuwa, dawaki ne.

Bayan yaƙin basasar 1861 zuwa 1865, jama'a sun yi ta neman diyya daga Baitulmali kan dawaki da dukiyar da suka salwanta a hidimar soja. Nan da nan dillalai suka shiga tsakani, suna ƙara kuɗin dokin da ya mutu, suna yankar kasonsu daga abin da aka biya. Ranar 7 ga Yuli, 1884, Shugaba Chester Arthur ya sa hannu a dokar da ta ba Sakataren Baitulmali ikon tantance duk mai wakiltar wani a gabansa: sai ya nuna halin kirki da sanin aiki, in ya yi zamba a kore shi. Da harajin kuɗin shiga ya kafu a 1913, sai aikin wakilan ya koma can. A 1921 aka fitar da ƙa'idojin aikinsu, waɗanda har yau ake kira Circular 230, jarrabawar shiga kuma ta zo a 1959.

Tsohuwar dokar tana da iyaka, kuma an gano ta a kotu. A 2011 IRS ta ce mai cike wa mutane takardar haraji don kuɗi, in ba ya cikin rukunin nan uku, sai ya ci jarrabawa, ta kafa hujja da dokar 1884. Wasu masu wannan sana'a suka kai ƙara. A 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta Washington, a hukuncin da Mai Shari'a Brett Kavanaugh ya rubuta, ta ce cike takarda daban, wakilci daban: dokar ta shafi wanda ya tsaya wa mutum a jayayya ne kawai.

A fassarar kalmomi, hukuncin yana da ƙarfi. Sai dai kuskuren da ke jawo bincike a wurin cike takarda ake yinsa, kuma mai biyan harajin ne hukuma ke bi da tara. Abin da ya rage wa IRS shi ne shirin horo na ganin dama, wanda ta buɗe a shekarar.