Allurar da Ke Jin Teku, Take Kuma Jin Fa

Duk shekara idan na kai ɗalibaina bakin kogin Wudil da na'urar auna yadda ƙasa ke karɓar lantarki, sai wani ya tambaye ni ko aikinmu ya wuce nema wa mutane wurin haƙa rijiyar burtsatse. Ya wuce. Tushensa yana can sama da kilomita 100 a bisa kawunanmu.

Allurar kamfas ba ta tsayawa cik. Kullum tana ɗan karkata da hantsi, ta dawo da yamma. A 1882 Balfour Stewart ya ce lantarki ne ke gudana a saman iska yake jan ta. Arthur Schuster ya yi lissafin a 1889, ya ga gaskiya ne, amma akwai saura: wani kaso na motsin daga cikin ƙasa yake fitowa. Idan maganaɗisun sama ya motsa, sai ya tayar da lantarki a ƙasa, wannan kuma ya haifi nasa maganaɗisun. Girman amsar ya danganta da abin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Ruwan teku, saboda gishirinsa, ya fi busasshen fa karɓar lantarki sau dubbai.

W. D. Parkinson ne ya fito da abin fili a Ostareliya daga 1959. Ya lura tashoshin awon maganaɗisu na gaɓar teku suna nuna motsi na sama da ƙasa mai ƙarfi wanda na cikin tudu ba su da shi. Ya zana kibiyoyi a taswira, sai ga su suna nuna teku mai zurfi. Har yau da sunansa muke kiran kibiyoyin, kuma duk wanda ya kafa na'ura a Legas sai ya cire rabon teku kafin ya ce komai game da ƙasar.

Mu a nan teku ya yi mana nisan fiye da kilomita 700. Namu sha'anin daban ne, kuma a ganina ya fi daɗin nazari. A shekarun 1950 da 1960 layin da allura ke kwanciya daidai, ba ta sunkuya kudu ko arewa ba, ya ratsa Nijeriya kudu da Zariya. A bisa wannan layi akwai wani siririn kogin lantarki da ke kwarara gabas da rana, wanda Sydney Chapman ya raɗa wa suna a 1951. Cyril Onwumechili na Jami'ar Ibadan ya bi ƙasar nan daga kudu zuwa arewa yana auna shi, ya kuma rubuta littafi sukutum a kansa a 1997.

Wadda na fi so ɗalibai su sani ita ce Rosemary Hutton, 'yar Sikotland. Ta fara da auna lantarkin cikin ƙasa a Gana, ta zo Jami'ar Ahmadu Bello a 1963, ta koyar a Zariya shekara biyar kafin ta wuce Ibadan, daga nan Edinbara, inda ta zama jigo a fasahar leƙa cikin ƙasa da motsin maganaɗisu. Fasahar, wadda Tikhonov da Cagniard suka shimfiɗa a 1950 da 1953, ta ɗauka lantarkin sama shimfiɗe yake ko'ina bai ɗaya. A ƙarƙashin siririn kogin nan kuwa ba haka yake ba, shi ya sa awon rana kan yaudare mu, mu fi amincewa da na dare.

Abin ya shafi wutar gida ma. A Maris 1989 guguwar maganaɗisu ta jefa Kebek ta Kanada cikin duhu na awa 9, domin dutsen ƙasarsu ya ƙi karɓar lantarkin, sai ya bi manyan wayoyi. Kano ma a kan irin wannan tsohon dutse take zaune.

Wudil tana kusa da inda dutsen ke nutsewa ƙarƙashin yashi da lakar kwarin Chadi. Yamma da mu ƙasa na ƙin lantarki, gabas kuma jiƙaƙƙiyar laka na karɓarsa, kamar ƙaramar gaɓar teku a tsakiyar tudu. Burina in ga an jera na'urori daga Kano zuwa Haɗeja, a bar su wata shida suna rubutu, mu ga inda kibiyoyin Parkinson za su nuna.